Keke da Kare: Magana Biyu da Ba Su Shiga Taronmu



Idan aka zauna taron ƙungiya, maganar da takan cinye lokaci ita ce ta taki, da iri, da injin ban-ruwa, da bashin da ba a biya ba. Daidai ne, gama da waɗannan muke ci. Amma akwai abu biyu a gidajenmu da yawa waɗanda ba mai kawo maganarsu gaban taro, wataƙila don kada a yi masa dariya. Ɗaya yana jingine a bayan rumbu, taya a sace, sarƙa ta yi tsatsa. Ɗayan yana kwance a ƙofar gida yana korar ƙuda da kunne. Keke da kare ke nan. Ra'ayina shi ne kowace ƙungiya ta ware kuɗi, ta kuma ware rana saboda su, bana, kafin a taɓa maganar sayen wani sabon abu. Zan faɗi dalilaina. Wanda bai yarda ba, sai ya rubuto a buga nasa.

Dattawanmu sun san zamanin da keke yake dukiya. Da basukur mai bishara yake kai Magana ƙauye, da shi malamin gona yake zagaya gonaki, da shi malamin makaranta yake zuwa karɓar albashi. Wanda ya sayi sabon Raleigh yakan bar takardar da aka naɗe ƙarfen da ita har ta yage don kanta, domin kowa ya san sabo ne. Kamfanin Raleigh har masana'anta ya yi a Kano saboda yawan masu saye. Sa'an nan kuɗin man fetur ya shigo ƙasa. A 1975 aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, aka yi ta tururuwa zuwa kantin babur. Bayan shekara ta 2000 kuma babura masu araha na Sin da Indiya suka cika ƙasa, kabu-kabu ya kai har ƙauyen da mota ba ta taɓa shiga ba. Tun daga nan keke ya zama abin yara da na wanda ba shi da hali.

Wannan kunya ita ce babbar matsalar, ba ƙaya ba, ba yashi ba. Magidanci ya gwammace ya ci bashin kuɗin mai da a gan shi yana tuƙa feda a gaban surukansa. A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya hau keke zuwa aiki a Abuja yana kira ga jama'a su yi haka. Aka mai da shi abin dariya, da wata mota ta ture shi kuwa dariyar ta ƙaru. An ce masa mai kuɗi ne yake wasa da talauci. Akwai gaskiya a cikin sukar, gama titunan Abuja ba a yi su domin mai keke ba. Amma maganar mutumin ba ta mutu ba, farashin mai ya tashe ta.

Ran 29 ga Mayu 2023 sabon shugaban ƙasa, Bola Tinubu, ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da yawa. Bari mu yi lissafin 'yan makaranta da wancan farashi na 2024. A ce mutum yana ƙona lita ɗaya a yini: zuwa gona, zuwa kasuwa, kai yara, komowa gida. Kwana 6 a mako, naira 6,000. Mako 50, naira 300,000. Ba a sa baƙin mai ba, ba a sa taya da fulogi da kuɗin makanike ba. Kowa ya ɗauki farashin da ya saya jiya ya sa a gurbin nawa, sa'an nan ya mai da kuɗin zuwa buhunan gero, ya ga buhu nawa ke fita ta salansa kowace shekara. Ga mai noman rani abin ya fi ciwo, domin litar da babur ya sha, ita ce wadda injin ban-ruwa bai samu ba. Albasa da tafarnuwa ba su san cewa maigida ya isa fadama da wuri ba, ruwa kaɗai suka sani.

Kada wani ya ce na ce a sayar da babur. Ban ce ba. Idan naƙuda ta zo da gardama da tsakar dare, ko maciji ya sari yaro, ba keke za a nema ba. Tafiya mai nisa, kaya mai nauyi, mara lafiya zuwa asibiti a Sakkwato, duk aikin babur ne da mota. Abin da nake magana a kai shi ne ƙananan tafiye-tafiyen nan na kullum, kilomita 2, kilomita 5, waɗanda su ne mafi yawa, su ne kuma ke cin mai a ɓoye. Mun kai inda mutum zai ta da inji domin ya sayo ashana a bakin kasuwa.

Yanzu ga maganar jiki, wadda na san a nan ne gardama take. Wani zai ce, manomin da ke wuni da hauya a hannu, wane motsa jiki kuma za a koya masa? Wannan ba maganar mutanen birni ba ce, masu ci su ƙoshi su rasa abin yi? To, a kan wanda har yanzu yake huɗa da galma, yake noma na fari da maimai da hannunsa, gaskiya ne, daga Yuni zuwa Oktoba ba ya bukatar kowa ya ce masa ya yi gumi. Shi amfanin keke a gare shi dabam ne, watau ya isa gona da sauran ƙarfinsa, ba ya zubar da rabi a hanya ba. Amma mu dubi juna a majami'a ran Lahadi mu faɗi gaskiya. Nawa ne daga cikinmu suke wannan aiki har yau? Maganin feshi ya karɓi noman ciyawa. Shanun huɗa da 'yan ƙwadago sun karɓi galma. Inji ya karɓi jigo, wani injin ya karɓi dutsen niƙa. Duk alheri ne, ba mai son komawa baya. Sai dai aikin ya ragu, cin bai ragu ba, ya ma canja: shinkafa da mai, taliya, lemon kwalba, shayi da sukari cokali uku, miya da ɗanɗanon dunƙule a kan gishiri. Shugaban ƙungiya, da ma'aji, da fasto, da malamin makaranta, da mai kanti, yawancin yininsu a zaune ne. Idan teɓa ta fito sai a ce Allah ya buɗa.

Hawan jini ba ya sallama. Mutum yakan yi shekaru da shi ba ciwon kai ba jiri, rana ɗaya a wayi gari ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace. Sai a ce jifa ne, ko iska, a yi ta yawon neman magani har a sayar da akuya da gona. Ciwon sukari ma haka yake shigowa a hankali. Gidan da magidanci ya kwanta, gonar ta kwanta, bashin ƙungiya ya kwanta, kuɗin makarantar yara ya kwanta. Saboda haka lafiyar ɗan ƙungiya jarin ƙungiya ce, daidai da buhunan da ke cikin sito, ko da yake ma'aji ba ya rubuta ta a littafi.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce babban mutum yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, irin wanda numfashi zai ƙaru amma mutum yana iya magana. Yara kuwa minti 60 kowace rana. Ku duba yadda keke ke biyan wannan bashi ba tare da an ware masa lokaci ba. Gonar da ke nisan kilomita 5, tafiyar minti 20 ce da ɗoriya a kan keke, zuwa da komowa wajen minti 45. Kwana 6, minti 270. An cika mudu ke nan, ba a sayi takalmin gudu ba, ba a zagaya filin ƙwallo yara suna kallo ba. Mutum ya je aikinsa ne kawai. Keke kuma yana da sauƙi ga gwiwa fiye da gudu, gama sirdi ne ke ɗauke da nauyin jiki, abin da ya sa ya dace da mai ƙiba da wanda ya fara manyanta.

Wanda yake son ya san inda ya tsaya, ga awo wanda ba ya cin ko kwabo. A sami igiya, a auna tsawon mutum daga tafin ƙafa zuwa ƙoƙon kai, a yanke, a ninka biyu. Idan ninkin ya zagaye ciki daidai cibiya har bakinsa ya haɗu, madalla. Idan bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, shi ne kuwa kitsen da ke tafiya tare da hawan jini da sukari. A rataye igiyar a ƙusa, a sake gwadawa bayan wata 3. Ni a ganina wannan ya fi sikeli amfani a ƙauye, ya kuma fi alkawarin baki. Ban da igiya, ƙungiya tana iya sayen na'urar awon jini mai batir guda ɗaya, a ba wani ɗan'uwa ko 'yar'uwa mai aikin asibiti ya koya wa mutum biyu yadda ake ɗaura ta. Bayan taron wata, kowa ya miƙa hannu. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 ko fiye, sau biyu a ranaku dabam, a sa shi ya tafi asibiti, kada a tsaya ba shi shawarar ganye. Gishiri kuma, Hukumar ta ce kada ya kai giram 5 a yini, watau ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule. Wannan magana ta uwayenmu mata ce, su ke riƙe da ludayi.

Sai dai a yi hankali da zafin nama. Mai shekara 50 wanda ya yi shekara 20 bai hau keke ba, kada ya ce ran farko zai tashi daga Boɗinga ya kai Shagari, tafiyar da ta kai wajen kilomita 30, don a san shi namiji ne. Zai kwana uku ba ya iya tsugunawa, keken ya koma bayan rumbu. A fara da minti 10, a ƙara kaɗan kowane mako. A ɗaga sirdi yadda ƙafa za ta kusa miƙewa idan feda ta sauka ƙasa, gama sirdi gajere shi ke kawo ciwon gwiwa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin ƙasarmu yakan wuce digiri 40, a fita da sassafe a komo da la'asar sakaliya, da gorar ruwa a kariya. Wanda yake jin ciwon ƙirji, ko jiri, ko numfashi na yanke masa da ɗan aiki kaɗan, ya ga ma'aikacin lafiya tukuna. Wanda kuma aka riga aka ɗora shi a kan maganin hawan jini ko na sukari, keke ba ya maye gurbin ƙwaya. Tare suke tafiya.

Na taɓa jin ana kafa hujja da wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti, sura 4, wai ta nuna kula da jiki aikin banza ne. A sake karantawa a hankali. Manzo ya sa ibada a gaba, haka kuwa ya kamata, amma bai ce horon jiki ba shi da amfani ba. Shi kansa da ƙafa ya ratsa ƙasashe, da hannunsa kuma ya ɗinka tanti ya ci abinci.

Akwai waɗanda suka fi kowa bukatar keke, su ne kuwa aka fi hana su. Ina nufin mata da 'yan mata. Wa ke kai abinci gona da rana tsaka? Wa ke ɗauko itace, da ruwa, da niƙa a ka? Su ba motsa jiki suka rasa ba, hutun wuya da baya suka rasa. Jarka biyu a kariya ta fi jarka ɗaya a ka. Yarinyar da makarantar sakandare ta yi mata nisa, sau da yawa nisan ne ke ƙare karatunta, ba rashin ƙwaƙwalwa ba. A jihar Bihar ta ƙasar Indiya, a 2006, gwamnati ta fara ba 'yan matan da suka shiga sakandare kuɗin sayen keke, masu bincike kuma suka tarar yawan 'yan matan da ke makaranta a kan shekarunsu ya ƙaru da wajen kashi 30 cikin 100. Ba sai mun je Indiya ba ma. Duk wanda ya taɓa zuwa Wagadugu ya ga mata da goyo da kayan lambu a kan keke, ba wanda ya waiwaya. Na san nan ba can ba ne. Muna zaune cikin jama'a masu al'adarsu ta kunya da sutura, mu ma muna da tamu, ba kuwa hikima ba ce a ta da ƙura a kan abin da ana iya yi da natsuwa. Akwai keken mata mara sanda a tsakiya, ana hawansa da zane da mayafi. Zumuntar mata ta zauna ta duba, ita ta san 'ya'yanta da hanyoyin da suke bi. Abin da nake roƙo shi ne kada maza su yanke maganar su kaɗai, kamar yadda muka saba.

Ba zan ɓoye inda keke ya gaza ba. A jigawa mai zurfin rairayi turawa ake yi, ba hawa ba. Tsidau da ƙayar aduwa ba su jin tausayin tif, ko da yake tsohuwar dabarar nan ta yanka tsohuwar taya a shimfiɗa cikin sabuwa tana rage faci ƙwarai. Babbar hanyar da ta fito daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega cike take da tirela da tanka, direban da ya kwana yana tuƙi kuwa ba ya ganin mai keke da baƙar riga da magariba. A sa farar riga, a gyara birki, a manna abin ƙyalli a baya, in da hanyar gefe a bi ta. Ga kuma abin da dukanmu muka sani, watau rashin tsaro da ya addabi ƙauyukan jiharmu. Ba mai hankalin da zai ce wa ɗan'uwa ya bi daji shi kaɗai da duhu, a keke ko a babur. A tafi tare, a komo da rana. Inda yashi ya fi ƙarfin taya kuwa, jaki yana nan, idan mun bar shi ya rayu. Cinikin fatarsa zuwa Sin ya rage shi ƙwarai, har a Fabrairu 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a hana yanka jakuna domin fata. Wanda yake da jaka mai haihuwa ya riƙe abarsa.

To, me ƙungiya za ta yi? Kada ta sayi keke ɗaya ta ce na kowa ne. Keken kowa ba ya kai wata 6: wannan ya hau, wancan ya fasa, ba mai faci. Kada kuma a raba kyauta. A buɗe asusu dabam a cikin littafi, a yi shi kamar adashi. Da kaka, lokacin da hatsi ke hannu, a saya wa mutum biyu ko uku, su biya kaɗan kaɗan, ko da tiya ko da kuɗi, su cika bayan an cire albasa, sa'an nan a saya wa na gaba. Kafin ma a sayi sabo, a fito da tsofaffin da ke bayan rumbu. Da yawa ba abin da suke bukata sai taya, da tif, da sarƙa, da ɗan giris. Ƙarfen tsohon Raleigh ya fi na sababbi da yawa da ake kawowa yanzu. Sa'an nan a ajiye akwati ɗaya mai kwaɗo a wurin dattijo guda: famfo, sifana, sholisho, faci, boris, robar birki. A tura matasa biyu wurin mai gyaran keke a kasuwa su koya, ƙungiya ta biya ladan koyarwa. Wannan sana'a ce da za ta ba yaro kuɗin sabulu da rani, maimakon zaman gindin bishiya ko tafiya cin rani ba dalili. Za a ce mana bashin taki ma ba a gama biya ba, ina za a ƙara wani? Amsa ita ce wanda bai biya na taki ba, ba ya shiga layin keke. A rubuta wannan a littafin taro tun kafin a fara, kada a zo ana jin nauyin juna daga baya.

Wani abin mamaki na tarihi: a shekara ɗaya, 1885, aka ƙera keke mai sarƙa da ƙafafu biyu daidai da juna irin wanda muke hawa yau, a Ingila, a hannun John Kemp Starley, a wannan shekara kuma Louis Pasteur na Faransa ya fara yi wa wani yaro allurar da ta cece shi bayan mahaukacin kare ya cije shi. Shekara 140 ke nan da ɗoriya, amma har yau ciwon haukan kare yana kashe mutane wajen 59,000 kowace shekara a duniya bisa ga ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi, kusan duka a Afirka da Asiya. Kusan dukansu ta wurin kare suka kamu, wajen 4 cikin 10 kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalili a fili yake. Yaro ne ke wasa da kare, yaro ne kuma ke ɓoye yaƙushi don tsoron duka.

Karen gida abokin zama ne, ban ƙi ba. Yana bin keke zuwa gona, yana korar biri da ɓarawon akuya, a wannan zamani na tsoro kuwa haushinsa da dare ya sha ta da mutane a kan lokaci. Yaranmu suna ba shi suna, suna raba tuwo da shi. Amma yawancinmu ba mu taɓa kashe masa ko naira ɗaya ba. Littafin Karin Magana, sura 12, ya sa kula da ran dabba cikin alamun mai adalci, mu kuwa mun bar namu da kaska a kunne, yana cin abin da ya samu a juji. Wanda ke sa kare ya bi keke da rana tsaka ya tuna cewa kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, kwalta mai zafi kuma tana ƙona masa tafin ƙafa. A tafi da shi da safe, a hankali, a ba shi ruwa. Kada a ɗaura igiyarsa a ƙahon keke, gama ranar da ya hango zomo, da shi da maigida duk ƙasa za su sha.

Allurar rigakafi ita ce babbar magana. Ana yi wa ɗan kwikwiyo idan ya kai wata 3, a maimaita kowace shekara. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa karnuka 7 cikin 10 na wani yanki allura, ciwon yakan rasa hanyar yaɗuwa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana yin wannan allura, akwai ofishin dabbobi a ƙananan hukumomi, akwai kuma asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Wahalar ita ce maganin yana son sanyi, malamin dabbobi kuwa ba zai ɗauko akwatin ƙanƙara ya zo ƙauye saboda kare ɗaya ba. A nan ne amfanin ƙungiya yake. A tara karnukan duka a rana ɗaya, da kyanwoyi ma, a haɗa kuɗin magani da na man malamin, a karɓi takardar shaida ga kowane kare.

Idan kuwa cizo ya auku, ko yaƙushi, ko kare ya lashi miki, abin farko ruwa ne da sabulu. A wanke wurin minti 15 cur, ana zuba ruwa, ba shafawa kawai ba. Sa'an nan a tafi asibiti a ranar, a nemi allurar bayan cizo, a kuma cika ta yadda aka ce. Kada a ƙona gashin karen a shafa, kada a cusa ganye ko toka. Karen, idan ana iya kama shi ba tare da haɗari ba, a tsare shi kwana 10 ana dubawa, a sanar da malamin dabbobi, kada a sayar da shi, kada a yanka. Amma ba a jiran kwana 10 ɗin kafin a kai wanda aka ciza asibiti. Ciwon yakan yi wata 2 ko 3 a ɓoye, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Miki ya warke, kowa ya manta. Ranar da yaro ya fara tsoron ruwa, magani ya ƙare, sai addu'a.

Akwai kuma wani gefe na wannan magana wanda ya shafe mu musamman. Mu 'yan kaɗan ne a ƙasar Boɗinga da Shagari. Wannan ƙasa ce mai tsohon tarihin Musulunci, a Sifawa ta nan Boɗinga Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Maƙwabtanmu da yawa ba su ajiye kare a cikin gida sai na farauta ko na kiwo, ba su kuma son ya lashi ƙwarya ko ya taɓa tufafin da za su yi salla da su. Da su muke haɗa rijiya, da su muke haɗa iyakar gona, wurinsu muke aron jaki. Karen da aka saki yana yawo, ya shiga gidan maƙwabci, ya kashe ɗan akuya, ko ya ciji yaro a hanyar makarantar allo, ba sunan maigidansa kaɗai za a kira ba, sunan dukanmu za a kira. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar da irin wannan ta faru, takardar allura a hannu, da saurin ɗaukar yaron zuwa asibiti da kuɗinmu, sun fi dogon ban haƙuri. Da rana kare ya zauna a ɗaure a inuwa ko cikin shinge, da ruwa a gabansa, a sake shi cikin gida da dare. Ranar allura kuma a sanar da mai unguwa da hakimi, a gayyaci mafarauta da Fulani makiyaya su kawo nasu, gama 7 cikin 10 ɗin nan ba ta cika da karnukan masu bi kaɗai.

Ran 28 ga Satumba kowace shekara ita ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare a duniya, a waɗansu wurare kuma hukuma takan yi allura kyauta ko da rangwame a wannan mako. Shugabanni su je ofishin dabbobi tun watan Agusta su tambaya, su sa sunan ƙauyensu. Kafin nan, magatakardan kowace ƙungiya ya zaga gida gida da takarda, ya rubuta keke nawa ke tafiya, nawa ke jingine da abin da ya lalace a jikinsu, kare nawa, wata nawa ko shekara nawa, da ranar da aka yi masa allura ta ƙarshe idan an taɓa yi. Ya zo da takardar taro mai zuwa, ma'aji kuma ya zo da farashin taya da tif daga kasuwa.